Rasuwar Kwantirola Mai Wushirya a Sa'alaba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin ƙonanniyar roba, ni Abdulghani Isha'aku, mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Sa'alaba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan Jidda da na gida Tasawa rasuwar abokiyar zamana, kwantirolar kiɗa mai haƙori ashirin da biyar irin na piyano, wadda aka fi sani da Mai Wushirya. Ta rasu ranar Asabar, sha huɗu ga Rabi'u Sani 1432, tsakanin Azahar da La'asar, bayan rashin lafiyar da ba ta kai ƙiftawar ido uku ba. Gaskiyar magana giɓi gare ta, don haƙorinta na tara ya fita tun kafin mu haɗu, amma a gidanmu ba a taɓa kiran sa giɓi a gabanta ba.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, kada su ɗauka irin kayan kiɗan nan ce da ake kai wa gidan biki, a danna ta yi ƙara da kanta. Ita ba ta da murya ko kaɗan. Aikinta ta ji abin da yatsa ya ce, ta kai wa kwamfuta saƙo ta igiya, kwamfuta ta mayar da shi gurmi ko kalangu ko sarewa. Idan aka kashe kwamfuta, iyakar abin da za ka ji daga gare ta shi ne ƙwas, ƙwas, ƙwas na haƙoranta, da ɗan ƙiii da mamurɗinta na uku yake yi in gumin teku ya yi yawa. Shekara biyu muna tare, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, kuma maƙwabta shaida ne.

Mun haɗu a kasuwar gwanjo ta Sawarikh wata Alhamis da safe. Na je da abokina Abdulghaffar, haifaffen unguwar Ruwais, wanda ya taɓa yi wa wani mai sitidiyo dako na wata uku, don haka ya zama malaminmu a wannan fanni. Huɗu muka gani ran nan. Akwai babba mai haƙori sittin da ɗaya, wadda in na kawo ta gida sai dai matata Mastura ta koma kwana a baranda. Akwai wata marar haƙori, sai faifan roba goma sha shida na bugun ganga, ni kuwa ba ganga nake nema ba. Akwai wata sabuwa fil a leda, ƙarama, wadda take shan wutarta daga jikin kwamfuta, ba ruwanta da bango. Sai kuma ita, a ƙarƙashin tulin rimot, ƙura har cikin kunnuwa, da adaftarta baƙa ɗaure da kyauron roba.

Abdulghaffar ya ce, “Ya shekh, ɗauki sabuwar, halas. Mai koyo ba ya son abin da zai riƙa lallaɓawa.” Na tambayi kuɗi. Sabuwar riyal ɗari biyu, ita ɗari da ashirin. Na dubi tamanin ɗin nan, tamanin ta dube ni. Mai kayan ya juya adaftar ya nuna mini rubutun bayanta da farce: wuta mai ƙarfin ɗari da goma take ci, ba ta shan mai ɗari biyu da ashirin. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce masa ni da nake kwance mukayyif tun ban yi gemu ba, ni za a koya wa wuta? Ina roƙon duk wanda ya san mutumin nan ya isar masa cewa na janye dariyar.

'Yan'uwa na gida ba za su gane wannan ba sai an yi musu bayani. A Tasawa wuta iri ɗaya ce, in an kawo. A tsofaffin gidajen Jidda kuwa iri biyu ce a bango ɗaya, ƙarama da babba, kuma soket ɗinsu kamar tagwaye suke, ba ka bambance su da ido. Kowane gida da dabararsa. A namu, Mastura ce ta bi duk soket mai babbar wuta ta ɗiga masa jan farce tun makon da muka tare, kowa kuma ya san inda ja yake ba a kai ƙaramin abu.

Ban sayi marigayiya don in zama mawaƙi ba, muryata ma ba ta yarda da wannan ba. Mahaifina Isha'aku makaɗin gurmi ne a Tasawa. Da muka zo aikin hajji ina ɗan shekara bakwai muka zauna, sai ya rataye gurmin ya kama dako a tashar jiragen ruwa. Ranar salla kawai yake sauke shi, ya rufe ƙofa, ya kaɗa wani take guda ɗaya nasa na kansa, mai gaɓa huɗu. Ya rasu ina da sha ɗaya. Gurmin ya tsage da zafi, ba kaset, ba komai, ni kuma farkon taken kaɗai ya rage mini a ka. Mutum ɗaya ce a duniya ta san shi har ƙarshe, ita ce mahaifiyata, Inna Dela.

Inna ba ta waƙa. Na roƙe ta, na turo Mastura, na turo ƙanena Husaini, duk amsa ɗaya. “Ni da ni yi hajji bakwai, a sa muryata cikin ƙarfe ana yawo da ita? Ku hita idona.” Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta kira, balle ta zauna tana rera mini abin mijinta.

A nan ne marigayiya ta nuna baiwarta. Wata rana ina lalube da yatsa ɗaya, na danna inda bai kamata ba, sai na ji daga kicin an ce, “Kai wannan, ba hakanan ba ne.” Na sake dannawa wani wuri. “Sama kaɗan.” Na hau. Shiru. To shirun Inna shi ne sa hannunta. Daga ranar na gane cewa Inna tana iya jure talauci da zafin Jidda da layin sabunta iƙama, takardar zama a ƙasa, amma ba ta iya jure a ɓata taken nan tana ji. Sai muka mayar da abin sana'a. Kullum bayan La'asar in jona Mai Wushirya, in yi kuskure da gangan, Inna ta gyara daga inda take, tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago kai. Wani lokaci mako guda muna kan danni biyar. A haka muka haɗa gaɓa uku, suna nan a kwamfuta, in ka rufe ido sai ka ce tsohon ne ya sauke gurmi.

Halayen marigayiya na kirki ba su ƙidayuwa. Ba ta da girman kai, ta zauna a kan teburin guga, ta zauna a kan katon ɗin madara, ta zauna a cinyata. Haƙurinta ya wuce misali, don an zuba mata shayi sau biyu ba ta kai ƙara ba. Haƙoranta suna jin bambancin dannawa a hankali da dannawa da ƙarfi, abin da wasu masu tsada ma sukan yi wa mutum rowarsa, kuma da wannan ne gurmin kwamfuta ya daina kuka irin na agogon ƙararrawa. Aibinta ɗaya, in ana so a faɗi gaskiya ko a kan gawa, shi ne duk lokacin da take ya bi ta kan giɓin nan sai na sauke ta mataki guda in kewayo ta baya. Na saba har na daina gani.

Watan jiya Inna ta ce ta gaji, gida za ta koma, ta ga jikokinta na Tasawa tun tana gane fuska. Aka yi mata takardar fita ba dawowa, aka yanki tikitin ranar Alhamis mai zuwa. Gaɓa ta huɗu kuwa ko rabi ba mu kai ba. Na ce ba komai, in muka dage za mu gama.

Sai Mastura ta ce mutane za su cika gidan nan ban kwana, ba za a tarbe su da bango duk zanen yatsu ba. Husaini ya zo ran Juma'a da bokitin fenti da zuciya ɗaya. Yaron kirki ne, ba ya aiki rabi da rabi. Ya shafe bango, ya shafe ƙofa, ya shafe kan kowane soket fari tas, har da ɗigon jan farcen da ya tsare mu shekara shida. An kuma juya kujeru, teburin guga ya koma wancan gefe. Ran Asabar na dawo daga aiki ina sauri kada La'asar ta wuce mu, na durƙusa, na ga soket fari, na cusa.

Abin da ta ce na ƙarshe shi ne ɗuuu, sannan tas. 'Yar fitilarta ta yi wani haske da ban taɓa ganin ta yi ba, hayaƙi siriri ya fito ta giɓin, shi ke nan. Adaftar ma ta bi ta nan take. Ina so jama'a su sani ban ɗora wa Husaini laifi ba, ko da yake na faɗa masa wasu maganganu da zan nemi gafararsu in na huce. Tastar gwada wuta tana cikin aljihun rigata a lokacin. Ni ne mutumin da yake yi wa matan unguwa wa'azi kullum a kan su gwada kafin su jona.

Mastura ta fito da gudu tana cewa, “Esh hada? Mene ne wannan? Wallahi na ce a bari in sake ɗigawa, ba wanda ya ji ni!” Inna ta zo ta tsaya, ta dubi hayaƙin. Sannan ta ce, “To, an ce mu bari ke nan.” Abdulghaffar ya kawo aron wata kwantirola ran Lahadi, mai haƙori arba'in da tara, tana ta walƙiya. Inna ta ce a fitar da ita, ba za a sake jona wani ƙarfe don wannan zance ba sai bayan ta tafi. Wanda ya san Inna ya san ba a ɗaukaka ƙara.

Marigayiya ta rasu ta bar kwamfuta guda mai ciwon zafin jiki, da igiyoyi biyu marayu, da sifika ɗaya mai aiki da ɗaya mai rakiya, da gaɓa uku da 'yan kai na taken Isha'aku mai gurmi. Ta kuma bar wasiyya ga masu shirin fara wannan harka da ɗan abin hannunsu, na karanto ta daga ƙaurin da ya rage a labule. Ka fara sanin abin da kake son kaɗawa kafin ka je kasuwa, kada yawan fitilu ya ruɗe ka. Haƙori ashirin da biyar sun ishi mai yatsa ɗaya. Ka danna kowanne a gaban mai kaya, a hankali da kuma da ƙarfi. In kuwa a tsohon gidan Jidda kake zaune, ka ƙara tamanin ɗin nan ka sayi mai shan wuta daga kwamfuta.

Jiya Litinin ina wanke ragar mukayyif a bakin famfo, ban san ina yi ba, ashe gaɓa ta huɗu nake ja da hanci, da wannan murya tawa da ko jariri ba ta lallashi. Sai na ji an ajiye tire da ƙarfi. “Kai wannan, ka kashe ta, kar ka kashe mini shi shi ma.” Sai Inna ta rera. Da bakinta, tun daga inda muka tsaya har ƙarshe, sau ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, tana kallon tukunya. Rabona da jin ƙarshen taken nan tun ina ɗan sha ɗaya. Na tsaya ruwa yana zuba a ƙafata, kuka ya zo mini ba shiri, kuma saboda kukan nan rabi kawai na kama. Ban taɓa jin daɗi da takaici sun haɗu mini haka ba.

Husaini ya ce in ta sake, a ɓoye waya a bayan buhun shinkafa a ɗauka. Na ce a'a. Ta ce kada a sa muryarta a ƙarfe, ba zan sace ta a kwanakinta na ƙarshe a gidana ba.

Game da jana'iza, an naɗe marigayiya a tsohon shimagina, jan rawanin nan na Larabawa, tana kan kwaba. Ba za a kai ta makwancinta ba sai Juma'a, inda Abdulghaffar zai raka ta wurin wani mai gyara a unguwar Madain Fahd, wanda ya yi alkawarin raba mamurɗanta ga mabukata. Ana karɓar gaisuwa a gidanmu, bayan shagon mai burodin tamis, yau Talata da gobe Laraba, daga La'asar zuwa Magariba. Akwai gahawa da dabino. Masu zuwa da caja su nemi Mastura tukuna, ta sake ɗiga jan farce amma bai gama bushewa ba.

Masu ta'aziyya za su tarar da ni a bakin ƙofar kicin ina jan wani abu da hanci, ba daɗin ji. Ina neman alfarma a yi haƙuri, kada a yi dariya da ƙarfi, kada kuma a kunna rediyo. Wanda ya ji na yi kuskure, don Allah ya bar ni da kuskurena. Mutum ɗaya nake jira ta gyara mini, kuma jirginta jibi ne da hantsi.