Abin da Ke Cin Faifan Kwamfutar Yallaɓai

Jiya da safe na koma ofishin takardu karo na huɗu, neman shaidar haihuwar ɗiyata. Ranar Juma'a ake rufe rajistar jarrabawarsu, kuma in babu wannan takarda, shekara guda ta tafi ke nan. Mu kusan arba'in muka jeru a baranda, akawu yana ciki ya yi tagumi gaban kwamfuta, ita kuwa sai wani ɗan zobe take juyawa a tsakiyar allo.

Na leƙa na ce, "Malam, yau ma?"

Ya ce, "Baba, tunani take yi. Sati uku ke nan. An kafa kwamiti."

Madalla da kwamiti! Mutum tara, in ji shi, sun zauna sau biyar, sun sha shayi, sun gano cewa kwamfutar tana da nauyi. Mu da ke tsaye a rana ai ba mu sani ba, mun gode da wannan ilimi.

Cikin layin akwai maƙwabciyata, wadda muke kira Injiniya saboda shagon gyaran kwamfuta da take riƙe da shi a bakin titinmu. Ta gaji da tsayuwa, ta ce wa akawu, "Ɗan'uwa, matsa in duba. Minti biyar."

Ya waiga hagu da dama, ya ga ba kowa daga manya, ya matsa. Ni ma na kutsa kai, don ban iya ganin abu in kau da ido ba.

Ta danna maɓallai uku tare, wata taga ta buɗe, mai nuna aikin da kowane sashe na na'urar ke yi. Ta ce, "Baba, duba nan. Ƙwaƙwalwarta kashi huɗu cikin ɗari take aiki, zaman banza take yi. Amma faifan ajiya ya kai ɗari cif, ya ƙi sauka. Ka ga wannan 'yar fitilar da ba ta ƙiftawa? Wani abu ne ke karatu da rubutu a faifan ba hutu, shi ya sa takardarku ba ta samun hanya."

Na ce, "Aljanu ne?"

Ta ce, "Bari mu jera su mu ga wanda ya fi ci."

Ta danna kan jerin, masu laifi suka hau sama. Na farko, manhajar riga-kafin ƙwayar cuta har guda uku. Akawu ya yi ƙasa da murya ya ce kowane daraktan sashe da ya zo sai ya kawo tasa, kuma ba mai ƙarfin halin cire ta wanda ya gabata. To su ukun nan, kowacce ta ɗauki 'yar'uwarta ɓarauniya, suna ta binciken juna tun safe har a tashi aiki.

Na biyu ya fi daɗi. Wani ƙaton bidiyo ne, na awa shida, an umarci kwamfutar ta riƙa kwafe shi duk bayan awa ɗaya don kada ya ɓata. Bidiyon me? Jawabin Mai Girma Yallaɓai Babban Darakta, ranar da ya yanke ƙyalle ya ƙaddamar da ita wannan kwamfutar.

Injiniya ta dakatar da kwafen, ta kashe riga-kafi biyu ta bar ɗaya. A gaban idona ɗarin nan ya gangaro ya koma bakwai. Firinta ta yi tari ta fara aman takardu. Wata tsohuwa a baranda har da guɗa. Cikin minti ashirin mutum goma sha tara suka karɓi nasu, ni ne na sha takwas. Na ninke tawa na cusa can cikin aljihu.

Hayaniyar ce ta fito da Yallaɓai daga ɗakinsa mai sanyi.

"Wa ya taɓa kayan gwamnati?"

Injiniya ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce. Faifan ne ya cika da aiki, na rage masa."

Ya ce, "Kina da takardar izini? Kin san kwamiti ya riga ya ba da shawarar a tura mutum huɗu ƙasar waje su koyo maganin wannan matsala? Kin san ni ne zan jagorance su?"

Ya sa masinja ya raka ta waje, ba tare da takardar da ta zo nema ba. Ya tsaya kan akawu sai da aka mayar da komai yadda yake, har da jawabin. Faifai ya koma ɗari. Sauran mutum ashirin da ɗaya aka ce su dawo Litinin, alhali da yawansu Juma'ar nan ce wa'adinsu. Shi kuma akawu an ba shi takardar tuhuma, laifinsa barin baƙuwa ta yi gaggawa da aikin hukuma.

Da yamma na je shagon Injiniya in ba ta haƙuri. Na tambaye ta ko akwai irin wannan taga da za a buɗe a kan ofishin gaba ɗaya, a jera ma'aikata a ga wanda ya fi ci ba aikin fari. Ta ce akwai, amma in an danna, sunan da zai hau sama shi ne na mai sa hannu a kan izinin dannawa.