Kwanon da Za a Buga wa Kaka

"Lafiya lau, in ban da ina da miji mai gudun gida sai rufi ya ɓule," in ji Kaka. "Shigo, amma kada ka ture min bokiti."

Bokitai da robobi ne jere a tsakar ɗakin, kowanne ƙarƙashin inda rufin ke yoyo. Jikanta, wanda take kira Dogo, direban babbar mota ne, sai a yi watanni ba ta sa shi a ido ba. Yau ya zo da guntayen kwano biyu a hammata, don shi ya ɗauki nauyin sake mata rufi kafin damina ta kankama.

"Amarya, ai na ɗauka kifi kike kiwo a ɗakin," ya ce, ya ajiye su a gabanta. "Zaɓi ɗaya. Wannan alminiyam, wannan na ƙarfe."

Kaka ta ɗaga na farkon, ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da farce. Rashin nauyinsa ya ba ta mamaki.

"Wannan ai ɗan'uwanka ne. Ga ƙyalli, ga rashin nauyi."

"Wancan kuma ƙanwarki ce. Ga taurin kai, kuma da ya tsufa sai ya yi ta zubar da hawaye a kan mutane."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! To faɗa min, me ya hana shi mai ƙyallin yin tsatsa? Ko asiri aka yi masa?"

"Halittarsa ce. Tukunyarki ta alminiyam da kika gada tun zamanin jirgin Annabi Nuhu, kin taɓa ganin ta yi tsatsa?"

Gaskiya ne, tukunyar ta loɓa ta ko'ina, amma ba ta taɓa yin ja ba. Kaka ta sa babban yatsa ta danna guntun, sai ga shi ya lotsa.

"Ka gani? Kyan ɗan maciji! In yaran maƙwabta suka jefi mangwaro dutse ya faɗo a kai fa?"

"Zai lotsa, amma ba zai ruɓe ba. Sai dai a sayi mai kauri, don marar kauri iska na iya yage shi daga bakin ƙusa. Kuma ba a buga masa ƙusar ƙarfe zalla, ba sa jituwa, ɗaya sai ya ci ɗaya."

"Ikon Allah! Har ƙarafa ma suna da abokan gaba?" Ta jawo ɗayan, ta yi ƙoƙarin lanƙwasa shi, ya ƙi. "Yauwa, ga namiji. Shi kuma mene ne aibinsa?"

"Ƙarfi kam akwai, kafinta zai taka shi ba fargaba. Amma da rigarsa ta ƙarje, tsatsa ta samu ƙofa. Dole a riƙa hawa ana share ganye, ana duba ƙusoshi, ana shafa fenti."

"Wa zai riƙa hawan?"

"Wa kike da shi in ba ni ba? Wahalalle."

"Shi kuma mai ƙyallin?"

"In an buga an gama. Sai ki manta kina da rufi."

Kaka ta dubi guntayen biyu, sannan ta dubi Dogo, da furfura ɗaya-ɗaya da ta fara leƙowa a gemunsa ba da saninta ba. Ta tura na ƙarfen gabansa da ƙafa.

"Wannan nake so."

"Haba tsohuwa! Na ce miki sai an yi ta jinyarsa."

"Na ji. Ba kurma ba ce ni."

"To don me za ki..." Sai ya tsaya, ya ƙura mata ido. Ita kuwa ta shiga gyara ɗaurin ɗankwalinta da babu abin da ya same shi.

"Au! Tarko kike ɗana min da tsatsa?"

"Wa ke son ganinka? Ƙafafu kamar na tsani."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, Amarya." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ba zan bar ki ƙarƙashin abin da zai sake yi miki yoyo ina can bakin duniya ba. Alminiyam za a buga a ɗakinki. Amma rumfar kajinki, a sa mata na ƙarfe. Fentinta a wuyana, duk ƙarshen damina."

Kaka ta fashe da dariya har tana riƙe ƙirji.

"Ka ci ni, ja'iri. Je ka kama jan zakaran nan ka kai wa kafinta a fara aiki."

"Ni fa?"

"Kai kuma naka yana cikin ƙwai. Sai ka zo fenti ka tarar ya girma."