Wurin da Na Riƙe Masa a Sahu

Wa ya dangwala yatsa a gaban sunan maigidana? Na tsufa ina wannan tambayar, haƙorana sun zube, amsa ba ta zo ba. Abubuwa da yawa sun ɓace min, amma ranar nan ba zan taɓa mantawa da ita ba. (Ke mai rubutu, sa yadda na faɗa, kar ki rufa min asiri.)

Zamanin Nasara ne, dab da tafiyarsu. Mai shela ya zagaya Gaya yana cewa kowa ya fito lakkol, wato makarantar boko, ran Lahadi ya jefa ƙuri'a, har mata. Sai gardama ta tashi a bakin gulbi: dole ne, ko ganin dama? Maƙwabcinmu Baba Soja, wanda ya yi yaƙin Nasara, ya rantse babu dokar da ta tilasta kowa.

Maigidana, matuƙin jirgi ne mai haye da mutane Malanbil, ƙetaren gulbi, ya ce, "Baba Soja, haka aka gaya wa babana ranar da aka rubuta shi aikin hanya. A kan jaki aka dawo da shi."

Shi ba ya son kowa cikin masu neman kujerar. Tsoronsa ɗaya, a buɗe littafin kumandan, Baturen mulki, a ga gaban sunansa wayam. Ni kuwa dalilina? Sabon zane nake da shi, ina so matan unguwa su gani. Iyakar siyasata ke nan.

Da sassafe ya raka ni lakkol. Yana da fataken albasa da ya yi wa alkawarin hayewa, sai ya damƙa min katinsa, ya tsayar da ni a sahun maza, ya gangara gulbi.

Ni kaɗai mace, da sabon zane, tsakanin tsofaffi masu warin taba.

"Sannu, Malam, ina aka baro gemun?" in ji wani mahauci.

Na yi kamar ban ji ba. Na bar fili a gabana daidai tsayuwar mutum ɗaya. Duk sa'ad da na kai ƙofa sai in ce wa na baya, "Wuce, nan wurin wani ne." Da farko suna dariya. Can wajen azahar na lura sun daina. Kowa sai ya kewaye filin nan, ba mai taka shi. Na duba ƙasa, na ga damshi a wurin, ga rana tana ƙona keya. Na ce a raina wani ne ya zubar da ruwan buta.

Da la'asar gardi, dogarin Nasara, ya ce za a rufe, in shiga ko in tafi. Na shiga, na miƙa wa komi, wato mai riƙe da littafin, katin, na ce ya yi haƙuri, mai shi yana hanya. Ya bi sunaye da yatsa, ya tsaya.

"Wannan ai ya jefa tun hantsi."

"Katinsa fa yana hannuna!"

"Mai unguwa ya shaide shi. Ba dogo ba ne, mai tabo a gira? Rigarsa jiƙe sharkaf, duba yadda ya ɓata min littafi."

Na ga tawadar yatsa. Na ga takardar ta yamutse a wurin, kamar wadda ruwa ya ɗiga a kai ta bushe.

Mace mai hankali da ta tsorata. Ni zuciya ta ɗebe ni. Wato ya dawo, ya bi ta ƙofar baya, ya jefa abinsa, ya tafi hira, ya bar ni ina soyuwa ana kirana Malam! Shekara bakwai muna tare, bakina bai taɓa furta sunansa ba, ko a ɗaki. Ranar na fito tsakiyar filin lakkol, na riƙe ƙugu, na ƙwala masa kira da sunansa na yanka. Sau uku. Na ƙara da, "Fito in kana da kunya!"

Surukata tana sahun mata. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Fili ya ɗauki dariya, har da masu tafi.

Sai dariyar ta fara mutuwa, daga baya can tana tahowa gaba, har ta iso kaina. Mutane suka dare. Masunta huɗu ne suka shigo, ɗaya riƙe da filafilin jirginsa, ɗaya da hularsa. Dorina ta kifar da jirgin a tsakiyar gulbi tun rana ba ta yi zafi ba. Tun safe suke nemansa.

Washegari aka same shi wajen Tunuga.

Daga baya Baba Soja ya ce min kar in wahalar da kaina, yaran mai unguwa ne ke dangwala wa duk wanda bai zo ba, don lissafin unguwa ya cika. Ƙila haka ne. To tabon gira fa, wa ya gaya wa komi, baƙon da bai yi wata a garin ba? Ƙanin maigidana da ya yi wa gawar wanka na tambaye shi ko akwai tawada a babban yatsansa. Ya tashi ya bar min wurin. Har ya rasu bai amsa ba.

Abin dariyar, ni mai rai ban jefa tawa ba ranar, kuma babu gardin da ya zo nemana. Shi ya sa in na ji ana gardama a rediyo wai a tilasta wa mutane zaɓe, sai in yi shiru. Na ga abin da tsoron littafi yake sa mutum. Na kuma koyi cewa kafin in ɗaga murya, in fara duban ƙasa.

Har gobe duk zaɓe ina zuwa. Ina barin fili a gabana, matasa suna cewa, "Kaka, matsa mana." Ba na matsawa. Su ba su ji abin da maigidana ya ce min ba da safen nan, yana gyara hularsa:

"Riƙe min wurina, kar ki bari kowa ya shiga. Yanzu zan dawo."