Maniyyaci a Bayan Mota

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na je ɗauko surukina a ƙasar Zermu ba. Ko na so mantawa ma, matata tana da rai, kuma tana da baki.

Abin ya faro ne daga motar da na gada wajen mahaifina, tsohuwa tun ta zamanin da sandar giya ke jikin sitiyari. Injinta ya mutu mutuwar tsufa. Mai hankali da ya sallama ta ga masu narka ƙarfe, amma ni malamin makaranta ne, na karanta littattafai da yawa a kan riƙon amana. Na kai ta garejin Issufu a unguwar Kara-Kara na ce a sa mata injin gazuwal, wato dizal, sai dai kada a taɓa akwatin giyar, wato bwat, domin tafin hannun mahaifina ne ya goge sandar nan har take sheƙi.

Tsakanin inji da bwat akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora a gefe, makanikai na ce masa bolan. Na sabon injin ya ƙi shiga bakin tsohuwar bwat. Issufu ya huda tsohon faifan ya ɗaura, giya ta shiga lafiya. Sai muka tarar haƙoran dimarer, abin da ke murza faifan idan an juya makulli, ba sa kama haƙoran tsohon bolan. Ka juya makulli, ka ji "wiii" kamar sauro, shi ke nan.

"Mushe, kwantar da hankalinka," in ji Issufu (haka ake kiran malamin makaranta a nan). "Za a samo wanda ya dace. Kafin nan, ai Allah ya yi wa Damagaram gangara."

Haka na koma mai ajiye mota a kan tudu. Na san kowane gangare na garin nan fiye da yadda na san ɗalibaina (abokan aiki har suna yaba mini son tafiyar ƙasa, na bar su a haka).

Sai kujerar Makka ta fito wa surukina. Motar maniyyata za ta bar Damagaram zuwa Yamai da azahar, matata Hajara kuwa ta riga ta shelanta wa danginta cewa mijinta ne zai ɗauko Baba. Ƙauyensu shimfiɗe yake kamar tabarma, ga yashi. Na yi shawara da kaina: ba zan kashe inji ba, mu gaisa, mu loda jaka, mu juya.

Muka isa ni da Hajara. Ban sa limamin garin a lissafi ba. Dattawa sun yi da'ira, samari duk sun tafi cirani, surukina na tsakiya cikin farar babbar riga sabuwa fil. Liman ya ɗaga hannu, ya sauke.

"Yaro, kashe mana abin nan mu ji amin ɗin juna."

Ina mutum zai yi gardama da liman a gaban surukinsa? Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Na kashe. Addu'ar ta yi tsawo, ta yi kyau, kuma babu wanda ya kai ni ƙarfin amin.

Aka shafa, mata suka yi 'yan koke-kokensu, Baba ya shiga baya. Na juya makulli, ko Allah zai yi ikonsa. "Wiii."

"Mushe, mene ne?" Hajara ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Sai an tura."

"Wa zai tura? Liman?"

Liman kuwa ya tura, shi da wasu tsofaffi masu sanduna. Motar ta ɗan girgiza don ladabi, ta tsaya. Ba wanda ya iya tuƙi sai ni, balle in sauka in sa kafaɗa. Can na ji ƙofar baya ta buɗe. Surukina ya dubi rana, ya naɗe hannun riga, ya zagaya bayan motar.

Ni, mijin 'yarsa, ina zaune riƙe da sitiyari kamar gwamna, shi yana nishi a bayana. Da ta fara motsi na saki ambiriyaj, wato kulochi, injin ya yi tari, ya tofa masa baƙin hayaƙin gazuwal tun daga gemu har guiwa. Tsayawa cikin yashin nan kuma nutsewa ne, don haka na ci gaba har inda ƙasa ta yi tauri. A madubi na ga maniyyaci yana biyo ni da sassarfa, takalmi a hannu, jama'ar da suka yi masa ban kwana suna biye da jakar da ta faɗo.

Mun riski motar Yamai ana kiran sunaye. Tun daga Zermu ba wanda ya yi tari, har motar.

Da ya dawo, kowa ya samu tsaraba, ni ma na samu hula. Saƙon kuwa ta bakin Hajara ya biyo, kamar yadda ya dace tsakanin surukai: wai a yi mini godiya, sassarfar Safa da Marwa ba ta ba shi wahala ba ko kaɗan, ya riga ya gwada ƙafarsa tun daga gida.

Issufu har yau yana neman dimarer. Ni dai abin da na koya shi ne, kafin ka yi wa dangin matarka alkawarin mota, fara tambaya ko garinsu na da tudu.