Man Goge Baki Daga Boda

Da kaina na zaɓo shi a wani shago kusa da bodar Jibiya. Rubutun kwalin Faransanci ne, ni kuwa tun da na iya "bonjur" nake ganin na gama da harshen. Na ce wa matata, "Man goge baki ne na masu wayewa."

Da safe na dirje haƙorana da shi. Leɓena ya mutu, miyau na dalala, na ce ingancinsa ke nan.

Sai ga ƙanenta daga Maraɗi. Ya karanta kwalin, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, wanga maganin basir ne. Ba a baki ake shafa shi ba."

Har yau in na yi murmushi a majalisa, sai wani ya ce, "Malam, ya jiki? Bakin yana iya zama yanzu?"