Baƙin Allon Aji Huɗu

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na manta akwai masu tuna mini, domin har yau in na shiga ofishin malamai sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ya allo?"

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, kuma ina da wata cuta da ba ta jin magani: tara tsofaffin batiran soja. Matattu fa, waɗanda ko tocila ba za su kunna ba. Abin ya samo asali ne daga Baba, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi soja a zamanin yaƙin basasa, yana cikin masu kula da wayar sadarwa. Da ya dawo gida ya rungumi noman auduga, bai zo da lambar yabo ba, bai zo da hoto ba, sai batir guda ɗaya mai rigar takarda ruwan ƙasa, da sunansa a jiki ya rubuta da ajami. Ranar rabon gado shi kaɗai ne ba a yi gardama a kansa ba, don ba wanda ya nema sai ni.

Daga shi na fara. Na bi tsofaffin sojoji har Dandume da Danja ina roƙo, na sha rana wajen 'yan gwangwan ina tonon tarkace. Kowane batir na samu sai in naɗe shi a ƙyalle in jera a akwatin ƙarfe, akwatin kuma in ɗora kan bulo saboda danshin damina. In wani ya fara fitar da farin gishirin nan a baki, in bi shi da tsohon buroshin haƙori in goge tas. (Matata ta ce ko 'ya'yanmu ban taɓa yi wa wanka da irin wannan natsuwa ba. Ban musa ba.) Abin da ke ci mini rai shi ne duk shekarun nan ba wanda ya taɓa cewa in buɗe ya gani.

To, ana shirin zuwan baƙi daga ofishin ilimi, har da dagaci da iyayen yara, sai hedimasta ya kira taron malamai. Na makara, babur ya yi faci a hanya. Ina sa ƙafa na ji yana cewa, "Wa ke da tsofaffin batira a gida? So nake baƙin nan su shigo su ga abin burgewa."

Jama'a, ku faɗi tsakaninku da Allah, ku me za ku fahimta? Ni dai hannu na ɗaga kamar ɗan aji ɗaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwati guda gare ni, kuma na soja!"

Ya ce, "Madalla, ai na soja sai sun fi kyau. Ka kai wa Malama Rabi, ita ke kula da aikin."

Washegari na ɗauro akwatin a bayan babur, ina lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai. Malama Rabi mace ce mai zafin nama, ba ta barin aikin yau ya kwana. Na miƙa mata har da makulli, na ce, "Malama, a bi su a hankali, sun tsufa."

Ta ce, "Ai tsufan muke so, Malam."

Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina ashe akwai masu sanin darajar abu a makarantar nan.

Asabar da Lahadi na kwashe ina bitar jawabi, kaji ne 'yan kallo. Ranar Litinin na ɗauko farar babbar rigata ta Sallah. Ina shiga ajina, aji huɗu, na ga allo ya yi baƙi wuluk yana sheƙi, har na tsaya na yaba. Akwatina yana nan a lungu, a rufe. Na ɗauka na ɗora kan tebur. Na ji ya yi sakayau, amma na ce farin ciki ne ya ƙara mini ƙarfi.

Baƙi suka shigo. Ba wanda ya ce in yi magana, ni na ba kaina izini. Na jingina da allo irin na manyan malamai, na fara bayanin yadda sojojinmu suka yi sadarwa a daji, na kawo sunan Baba. Hedimasta yana ta ƙifta mini ido, ni kuwa na ɗauka jinjina ce. Na ce, "Yanzu za ku ga tarihi da idonku." Na ɗaga murfi.

Ƙyallayena ne a ninke tsaf, da fasassun gwangwanaye an jera su a gefe. Malama Rabi akwai tsabta.

Na ce, "Malama, ina batiran?"

Ta ce, da ƙarfinta kuwa, "Ai ga su nan a bayanka, Malam."

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Kowa ya san yadda ake baƙanta allo a makarantun ƙauye: a fasa tsohon batir, a kwashe baƙin garin ciki, a kwaɓa da ruwan ƙaro a shafe. Ni kaina na yi wannan aikin ina yaro, hannuna ya yi kwanaki bai koma daidai ba. Amma da aka ce batira, girman kai ya toshe mini kunne.

Na juya in kalli allon. Ina juyawa aji ya fashe da dariya, har dagaci ya sa hannun riga ya rufe baki. Ashe bayan farar rigata ya kwashe baƙin tun daga kafaɗa har ƙugu.

Ban ma bi ta kan rigar ba. Na zube kan akwatin ina tono ina cewa, "Ina Baba? Ina Babana?" Na ji dagaci yana tambayar na kusa da shi, "Wai wa aka sa a akwatin?" Can ƙasa na tarar da takardar nan ruwan ƙasa, an yage ta gida biyu, rabin sunan a nan rabi a can. Na yi kuka a gaban yaran da nake hana kuka.

Hedimasta ya dafa ni ya ce, "Yi haƙuri, Malam, za mu saya maka sababbi."

Sababbi! Wannan kalma ta fi dariyar ƙona mini rai, kuma har yau ban huce ba. Kamar bai isa ba, babban baƙon ya shafa allon da yatsa ya ce duk yawon da suka yi bai ga allo mai kyan wannan ba, a jinjina wa Malama Rabi. Aka yi mata tafi. Ni da na kawo kayan aikin aka ce in je in canza riga.

Abin da na koya dai bai da yawa: in ka ji ana cigiyar abin da kake ji da shi, kafin ka ɗaga hannu ka tambayi me za a yi da shi. Kuma ka riƙa zuwa taro da wuri.

Sau biyu ana so a canza mini aji ina ƙi. Allon ya fara koɗewa, Malama Rabi ta zo da tayin a sake shafe shi, na ce ba mai taɓa shi ina raye. Rigar ma ban wanke ba. Tana cikin akwatin a naɗe, a kan bulo, saboda danshin damina.