Rular Baba Haruna da Farin Gam

Ba zan taɓa mantawa da alherin da na yi wa Baba Haruna ba, alherin da ya kusa mai da ni Katsina ban shirya ba.

Ni kafinta ne, lokacin watana biyar a Madina. Kafilina (wato wanda iƙamata, takardar izinin zamana, ke hannunsa) ya tura ni gidan kawunsa wajen Bi'ir Ali in gyara kabad ɗin littattafai. Kawun shi ne Baba Haruna. A nan aka haife shi, kakansa ne ya zo hajji daga Damagaram bai koma ba. Hausarsa garau, sai dai Larabci na yawan yi mata kutse.

Ya nuna min aikin ya fita. Ina kwashe littattafai sai na ci karo da wata rula ta katako, tsufa ya mai da ita kalar zuma. Na juya ta na yi tsaki. Lambobin farko da tazara, na ƙarshe sun cunkushe kamar motocin alhazai a miƙati. Ga tsakiyarta ta kwance, tana zamewa gaba da baya. Na ce a raina wanda ya yi ta bai san awo ba, amma tunda tsoho ya adana, bari in taimaka. Na shafa farin gam, na daidaita bakin, na matse ta tam ta kwana. (Har mai na goga mata. Ni fa ba na aiki rabi da rabi.)

Kashegari bayan la'asar na gama kabad. Baba Haruna na zaune a majalisi da abokansa biyu da suka yi aiki tare a Yanbu, ga gahawa ga dabino. Da na bari sun tashi, da kunyar ta tsaya tsakanina da shi. Amma ina! Yabo nake so a gaban jama'a. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ga rularka na gyara. Kyauta ce."

Ya karɓa, ya sa babban yatsa ya tura tsakiyar. Shiru. Ya ƙara turawa. Ko motsi.

"Me ka yi mata, ya waladi?"

"Zamewa take yi, na manne ta. Lambobin ma ba daidai suke ba, in kana so sai in zana maka sababbi."

Ɗaya daga cikin abokan ya ajiye finjalinsa ya ce, "La haula wala ƙuwwata." Ɗayan ya rufe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa na rawa.

Baba Haruna ya ce a hankali, "Ɗana, zamewar nan ai ita ce aikinta."

Ashe ba rular awo ba ce, ta lissafi ce. Da ita ake gane yawan man da ke cikin ganga, a ninka a raba, tun kafin a san na'urar lissafi. Tsohon da ya koya masa aiki a tashar jiragen ruwa ya ba shi ita ranar da zai yi ritaya, shi ma gadonta ya yi. Wallahi gumi ya karyo min duk da sanyin ɗakin. Na san waya ɗaya zai buga wa ɗan 'yar'uwarsa, shi ke nan an rufe babina, ga iyali a gida sun zuba min ido.

Ya daɗe yana kallon rular. Can sai ya yi dariya.

"Ma'alesh, ba komai. Ta fi ni shekaru, yau ta samu wanda ya ba ta hutu. Wanda ya ɗaure shi zai kwance. Gobe ka zo da auduga."

Kwana uku muna abu ɗaya. Ina ɗiga ruwan ɗumi da khal, wato ruwan tsami, a tsagin kaɗan-kaɗan, shi yana riƙe da ita kamar jaririya. Bai taɓa ɗaga min murya ba, kullum ma sai an kawo min shinkafa. Rana ta uku tsakiyar ta yi ɗan ƙara ta motsa. Muka yi kabbara tare.

Ya jawo ni kusa. Ya tura tsakiyar har lamba ɗaya ta tsaya ƙarƙashin biyu, ya ce in duba abin da ke saman uku. Shida! Na sake gwadawa da huɗu, takwas! Katako zalla, ba batir ba komai. Nan ya bayyana min cewa cunkushewar lambobin da na raina ita ce duk hikimar.

Tabon ruwan yana nan a gefenta, ya hana ni gogewa. Kafilina kuwa har yau bai ji labarin ba, Allah ya saka wa Baba Haruna da Aljanna. Duk Juma'a ina zuwa gaishe shi, yanzu har rabawa na iya.

Tun daga nan, in na ga abin da ban gane ba, sai in sa hannu a aljihu in fara tambaya. Ko ƙofa na tarar tana lilo a gidan mutum, sai na ji daga bakinsa cewa ba haka kakansa ya bar ta ba.